Ƙwaya Goma a Bakin Buhu

Daga:
Ja'afar Mamman Mai Ƙulli,
Shagon Irin Mai Ƙulli, Bakin Kasuwa, Ƙofa,
Ƙaramar Hukumar Bebeji, Jihar Kano.

14 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaba,
Kwamitin Sauraron Ƙorafin 'Yan Kasuwa da Masu Saye,
Shiyyar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa,
Kwanar Dangora.

Ta hannun Sakataren Kwamiti.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SHAFIN INTANET MAI KAMA DA NAWA DA AKE SAYAR DA GURƁATACCEN IRIN MASARA A CIKINSA DA SUNAN MAI ƘULLI, BA DA IZININA BA

Idan jama'a suka yarda da macuci don kawai sun san gaskiyar wani mutum dabam, kuma macucin bai samu hanyar cutarsu ba sai ta wannan gaskiyar, shin mai gaskiyar yana da kaso a cikin alhakin ko ba shi da shi? Wata tara ke nan ina juya wannan tambayar. Na kai ta gaban limamin unguwarmu, ya ce ba a kama mutum da laifin da bai yi niyya ba. Na yarda da shi a masallaci, kafin in isa gida yardar ta warware. Ban kawo maka ita don ka amsa ba, na san ofishinka ba na fatawa ba ne. Na rubuta ta ne don ka san halin da mai wannan takarda yake ciki.

Ka gafarce ni da na sa tambaya gaban sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da kujerarka, kai da membobin kwamitinka, da fatan an yi sallah lafiya. Wannan ita ce takardata ta biyu a kan magana ɗaya. Ta farko na kawo ta ran 15 ga Yuli, 2024. Tun da an ce mini ba a ga fayil ɗin ba, dole in maimaita komai daga tushe.

1. Asalin sunan. Mahaifina, marigayi Malam Mamman, ya fara zaɓen irin masara yana sayarwa a Ƙofa tun ina ƙarami. Yana da wata ƙa'ida da ba na jin wani ya riga shi. Kafin ya ɗinke kowane buhu sai ya zura hannu cikin tsakiyarsa, ya ɗebo ƙwaya goma, a ƙulle su a ɗan farin ƙyalle, a ɗinke ƙullin a bakin buhun ta waje. Manomi idan ya je gida sai ya kwance ƙullin, ya naɗe ƙwayoyin a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a gindin randa kwana biyar. Idan tara ba su tsiro ba, ya dawo da buhun da ɗinkinsa, ba a tambayarsa dalili. Daga nan mutane suka sa masa Mai Ƙulli. Sharaɗin abin gaba ɗaya shi ne ƙwayoyin goma su fito daga cikin wannan buhun, ba daga wani ba. Babu hukumar da ke tsaye a kansa lokacin da yake zura hannu, ba kuma manomin da yake gani. Mahaifina ya rasu a 2016, na ci gaba da shagon a kan wannan ƙa'ida, ban taɓa tsallake buhu ɗaya ba.

2. Haƙƙina a takarda. A shekarar 2021 na yi wa sunan Irin Mai Ƙulli rajista a matsayin tambarin kasuwanci, tare da hoton ƙullin. Kwafin satifiket yana haɗe. Karatuna na boko a aji shida ya tsaya, amma dokar tambarin kasuwanci na zauna da ita da ƙamus sati uku a bakin shago har na san abin da ta ba ni da abin da ba ta ba ni ba. A watan Fabrairu na 2022 na buɗe shafi mai adireshin irinmaikulli.com.ng, saboda yanzu yawancin dattawa 'ya'yansu da ke birni ne suke yi musu odar iri ta waya, a ɗora wa direba, su karɓa a Kwanar Dangora. Wanda ya buɗe mini shafin ƙanena ne, Mujitaba Mamman, mai shagon buga takardu a nan Kwanar Dangora, taku kaɗan daga ofishinka.

3. Shafin bogi. A watan Afrilu na 2024 aka buɗe wani shafi mai adireshin ainihinirinmaikulli.com. Ranka ya daɗe, ka dubi rashin kunyar: shi ne ma yake kiran kansa ainihi. An kwashe launin shafina da hoton ƙullin da bayanin yadda ake gwaji, kalma da kalma, har da wani kuskuren rubutu da na daɗe ina cewa zan gyara. Lambar wayar da ke ƙasa kawai aka canja. Duk wanda ya rubuta Irin Mai Ƙulli a wayarsa yana nema, wannan shafin ne yake fara fito masa. Ban ba kowa izini ba, ba da baki ba, ba a rubuce ba. Lambar wayar ta shagon Mujitaba ce.

4. Tiya ɗaya. Wannan sakin layi shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ran 9 ga Maris, 2024, Mujitaba ya zo shagona ya ce yana so ya gwada noman masara a ɗan filin da ke bayan gidansa, in ba shi tiya ɗaya ta iri mai kyau. Na ji daɗi, don bai taɓa son fartanya ba. Na auna masa da hannuna daga mafi kyawun abin da nake da shi, na ƙara masa da shawarar tazarar rami. Bai shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Ya sayo tsohuwar masarar ci wadda ta shekara biyu a rumbu ƙwari sun ɓula ta, ya turmusa ta da jar galura don ta yi kama da irin da aka sa wa magani, ya cika buhuna da ita. Irina kuma ya raba shi goma-goma a cikin ƙulli, ya ɗinke a bakin buhunan. Daga baya na auna tiya ɗaya na zauna na ƙirga ƙwayoyinta. Dubu bakwai da ɗari biyu ne da 'yan kai. Ban san buhu nawa ya sayar ba. Na dai san tiyar da na ba shi tana iya rufa wa buhu ɗari bakwai asiri.

5. Wanda aka cuta. Sun fi ɗaya, amma zan ambaci wanda ya zo har ƙofata. Malam Sadiq dattijo ne makiyayi mai noma a ƙasar Doguwa. 'Yarsa Humaira, wadda take karatun jinya a Kano, ita ta yi masa oda daga shafin bogi, tana ganin ta yi wa mahaifinta abin kirki. Ya yi duk abin da ya kamata. Ya kwance ƙulli, ya jiƙa tsumma, ya jira kwana biyar, goma cif suka tsiro. Don murna har ya kira maƙwabtansa suka gani, huɗu daga cikinsu suka saya a kan maganarsa. Ya shuka eka uku a makon farko na Yuni. A cikin kowane rami goma, uku ne suka fito. Ya yi ta jira yana cewa ƙasa ce ta yi sanyi, tun da ai ya gwada da idonsa. Da wani iri ne marar ƙulli, da tun sati na farko ya yi zargi ya sake shuka. Gwajin ne ya sa ya jira har lokaci ya wuce shi.

Ran 3 ga Yuli ya sauka a Ƙofa da buhun babu komai a ciki, da tsumman gwajin da tsiron ya bushe a jikinsa. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni ko Malam Mamman yana nan, don ya san shi tun ana kai iri kasuwa a kan keke. Na ce masa ya rasu shekara takwas da suka wuce. Ya yi masa addu'a, sannan ya ce to, yanzu ya fahimta. Na karkaɗe buhun, ƙwayoyi biyar suka faɗo daga kusurwa. Na murza ɗaya da jiƙaƙƙen yatsa, jan ya fita, ramin ƙwaro ya bayyana. Na nuna masa cewa buhun ba daga shagona ya fito ba. Ya dubi sunan da ke jikin buhun, ya dubi allon shagona. Na ba shi iri mai saurin nuna ya sake shukawa, amma Yuli ba lokacin shuka masara ba ne. An ce mini abin da ya girbe bai kai iyalinsa ƙarshen rani ba.

6. Zaman 6 ga Agusta, 2024, da abin da na ƙi yi. Kwamitinka ya kira mu, Mujitaba bai zo ba, ya aiko cewa yana da uzuri. Kai da bakinka ka yi mini bayani cewa kwamiti ba zai iya rubuta wa masu rajistar adireshin shafuka don a rufe shafin ba, ba kuma zai iya miƙa maganar ga 'yan sanda ba, sai mai tambari ya cike Fom na Biyu ya sa hannu. Sakatare ya ajiye fom ɗin a gabana da biro. Na ƙi. Ban ɓoye dalili ba. Mahaifiyarmu, Inna Asibi, tana raye, ta haura tamanin, kuma da safiyar ranar ta riƙe mini hannun riga ta ce kada in kai ɗan'uwana gaban hukuma tana numfashi. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ina so a rubuta cewa ban taɓa cewa an sasanta ba. Na ce a ba ni lokaci. Abin da na gani daga baya shi ne an rubuta an sasanta an rufe magana, kuma na lura babu wanda ransa ya ɓaci a ɗakin da na ture biron. Wani memba har ya yaba mini da zumunci, yana duba agogo.

Ran 18 ga Agusta muka zauna a zauren gidanmu, gaban Inna da mai unguwa da liman. Mujitaba ya sunkuyar da kai ya ce sharrin zuciya ne, ya yi alkawarin rufe shafin. Ya rufe. Na sani, don kusan kullum sai na duba.

7. Hujjarsa. Adalci ne in faɗi abin da yake cewa, tun da ba na jin zai zo ya faɗa da kansa. Yana cewa shi ma ɗan Mai Ƙulli ne, an raba gona an raba gida amma ba a raba suna ba, kuma takardar rajistar da na yi a Abuja ba ta isa ta cire shi daga cikin 'ya'yan Malam Mamman ba. Ranka ya daɗe, na daɗe a kan wannan magana fiye da yadda shi ya daɗe a kanta. Akwai gaskiya a ciki. Ban sayi sunan ba, na tarar da shi, kamar yadda shi ma ya tarar. Har yanzu ban tabbata dalilin da zai sa wanda ya riga zuwa ofishin rajista ya fi ɗan'uwansa haƙƙi a kan uba ɗaya ba. Shi ya sa sau biyu ina yi masa tayin ya shigo shagon mu yi tare, ya riƙe shafi ni in riƙe rumbu. Ya ce ba zai zama ɗan aikena ba. Da ya cika buhunansa da iri na gari, ya ɗebi goman daga cikinsu kamar yadda aka koya mana, wallahi da ban rubuta wannan takarda ba, ko da ya kwashe mini masu saye gaba ɗaya. Abin da ya gada shi ne damar zura hannu a buhu ba wanda ke kallo. Ya karɓi wannan damar ya yi abin da ya yi da ita. Ban san wane rabon gado ne yake ba mutum haƙƙin gonar Malam Sadiq ba.

8. Dawowar shafin, da abin da na gani ranar sallah. Tun zamanin mahaifinmu, Inna ce take yanka ƙyalle tana ƙulla ƙwayoyin. Ita ce sana'arta da ta rage, idonta ya yi rauni amma yatsunta sun san aikin. Nakan kawo mata ƙwayoyin kowane buhu a ɗan kofi mai lamba, ta ƙulle, in mayar da kowane ƙulli buhunsa. Ranar ƙaramar sallah muka haɗu a ɗakinta, ni da Mujitaba da iyalanmu, muka ci tuwo a kwano ɗaya. Da na miƙa hannu zan jawo mata buta sai na ga kwando a ƙarƙashin gado cike da ƙulli, babu kofi, babu lamba. Bana ban kai mata aiki ba tukuna. Na bari har baƙi suka watse, sannan na tambaye ta. Ta ce ai Mujitaba ne ya kawo, ya ce mata mun shirya, oda ta yi mini yawa shi ya sa yake taya ni. Ta yi azumin nan kaf tana ƙullawa da rana don lokaci ya wuce mata, tana sa mana albarka da muka haɗa kai. Ta kuma ce bara ma ita ta ƙulla masa.

Ran 2 ga Afrilu shafin ya dawo. Wannan karon an ɗora hoton mahaifinmu a samansa, wanda aka ɗauka a bikin Mujitaba, an kuma rubuta gargaɗi da jan rubutu cewa a yi hattara da wani shafi na masu kwaikwayo. Adireshin da aka ambata nawa ne. Irin da ke cikin sababbin ƙullin nawa ne, na gane shi. Ban san wa ya aiko ya saya a shagona ba, kuma ba ni da hanyar tambayar kowane baƙo abin da zai yi da tiya ɗaya.

9. Masu taya shi. Shaguna uku ne suke karɓar buhunan suna miƙa wa direbobi: ɗaya a tashar Kwanar Dangora, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Kiru. Sunayensu suna cikin takardar da na haɗa. Dukansu sun manna takarda cewa su wakilaina ne. Ba ni da wakili ko ɗaya a duniya. Na je wa na Tudun Wada da kaina, ya ce shi ba ruwansa da faɗan 'yan'uwa, buhu aka kawo masa. Mutum ne da ya shekara ashirin yana sayar da hatsi, ya san nauyin masarar da ƙwari suka cinye tun kafin ya ɗora ta a kafaɗa.

10. Ofishinka. Na zo ran 3 ga Afrilu aka ce ka yi tafiya. Na zo ran 7 aka ce fayil ba a gan shi ba. Na zo ran 10, Sakatare ya ce mini maganar gida ce, in koma wurin dattawa. Cikin girmamawa nake cewa, gonar Malam Sadiq ba a cikin gidanmu take ba, haka ma gonakin maƙwabtansa huɗu. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa. Nan da sati shida mutane za su fara shuka, kuma odar iri yanzu ake yin ta. Duk ranar da ka yi tafiya, buhuna suna hawa mota a ƙofar ofishinka.

Saboda haka ina roƙon kwamitinka, ba tare da wani jinkiri ba:

(a) Ya rubuta wa masu rajistar adireshin shafuka a rufe ainihinirinmaikulli.com, a hana sake buɗe shi ko wani mai kama da shi.

(b) Ya tura jami'ansa shagunan nan uku a kwashe buhunan, a buɗe su gaban shaidu, a gwada abin da ke ciki, ba abin da ke cikin ƙulli ba.

(c) Ya sa a yi shela a kasuwannin ƙananan hukumomin nan huɗu cewa bana kada manomi ya dogara da ƙullin da ke bakin buhu, ko da daga hannuna ya karɓa. Ya farke buhun ya ɗebi goma da kansa. Na san abin da wannan shela take nufi ga sunan mahaifina, kuma ni nake roƙon a yi ta.

(d) Ya gyara rubutun zaman 6 ga Agusta, a goge kalmar an sasanta.

(e) Ya miƙa maganar ga 'yan sanda, tare da sharaɗi ɗaya da nake roƙo da babbar murya: kada wani ya je ya tambayi Inna komai. Ba ta san abin da take ƙullawa ba. Ni ne na san da ha'incin tun Yulin bara, na kuma ƙi sa hannu, don haka duk tambayar da za a yi mata a yi mini.

Shekaranjiya na je na durƙusa a gabanta na gaya mata gaskiyar kwandon, da abin da zan yi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma janye maganarta ta bara ba. Ta ce in fitar mata da kwandon daga ɗaki, na fitar. Jiya da yau na gaishe ta da safe ba ta amsa ba.

Fom na Biyu yana manne da wannan takarda. Na karɓo sabo a wurin Sakatare ran 10 ga wata, na cike shi da hannuna, na sa hannu a duk wuraren uku da aka nuna. A gurbin sunan wanda ake ƙara na rubuta Mujitaba Mamman Mai Ƙulli. Akwai wani ɗan gurbi a ƙasa da ake tambayar dangantakar mai ƙara da wanda ake ƙara, Sakatare ya ce ba dole ba ne a cike shi. Na cike. Na rubuta ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ina jiran matakinka kafin ruwan shuka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Ja'afar Mamman Mai Ƙulli
Ƙofa, Bebeji.